Fis a Aljihu

Gidan Alhaji Sagiru a Gwammaja,
lungu na uku bayan mai injin markaɗe,
can aka kira ni ranar Laraba,
wai soket ɗin falo yana ƙauri,
in zo in duba musu wayar wuta.

Maigidan ya tare ni a zaure:
"Malam Tanimu, hau kawai,
yau kwana uku rabonmu da Nepa."
Na ce, Alhaji, macijin da ya kwanta shiru
ba da yatsa ake tambayarsa ko ya mutu ba.
Kwana uku ba alkawari ba ne,
in za ta dawo ba ta sallama, wuta.

Na buɗe akwatin mita,
na zare fis, na jefa aljihun gaba
inda goro yake kwana.
Baba Na'iya na Fagge, da ya koya mini aiki,
a kan taga ya taɓa barin nasa,
wani yaro mai son taimako ya mayar.
Har ya bar duniya yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa,
da su yake nuna mu yana cewa:
in fis ba ya jikinka, kana hannun wuta.

Na cire agogo, na cire zoben azurfa,
na sa takalmin roba busasshe.
Nafi'u ya riƙe mini tsanin katako.
Tastar ma ban yarda da ita ba
sai da na gwada a shagon mai cajin waya
na ga idonta ya buɗe, sannan na ɗauke ta.

Cikin silin, kwano ya dafa iska.
Kashin ɓera, yanar gizo, tsohon kwalin ashana.
Ga ja ga baƙi an murɗe su
an naɗe da ledar burodi.
Waya siririya kamar tsinken tsintsiya
ita ke goyon firiji da hita da dutsen guga,
bayanta duk ya narke.
Wayar ƙasa kuwa, ko labarinta.

Na miƙa tasta don cika ƙa'ida kawai.

Ta kama.

Ɗan jan ido, ƙanƙane kamar ƙwayar gero,
yana kallona cikin duhu.
Fis na aljihuna. Unguwa babu Nepa.
Gumin bayana ya koma sanyi.
Na ja hannu a hankali
kamar mai janye ƙafa daga bakin rijiya.
Daga ina kike, wuta?

Na bi ta da fitila, ban taɓa ba,
ta ratsa huda a katanga,
ta sauka shagon Ɗanjummai tela.
In ya tayar da janareta
yakan aiko wa Inna Ladidi ƙwai ɗaya
don kada tsohuwa ta yi alwala a duhu.
Wani gwani ya haɗa ta da layin gida duka.
Alheri ne, wallahi,
sai dai ya shigo ta bayan katanga,
kuma alheri ma yana ja, in ya bi wayar wuta.

Na aiki Nafi'u: a kashe, a zare,
ka kawo mini kan filogin a hannunka.
Na sake gwadawa. Shiru.
Na sake. Shiru.
Sannan na ɗauki filaya.

Ina tsakiyar yanka ruɓaɓɓiyar waya
yaran lungu suka kwashe da ihu:
"An kawo! An kawo!"
Duk Gwammaja murna,
ni kuwa hannuna ya tafi ƙirji da kansa,
ya taɓa fis, ya taɓa goro.
Allah ya jiƙan Na'iya.

Da la'asar na rubuta abin saye,
Alhaji ya karanta yana tsaki,
ya ce Sabon Gari ta yi tsada.
Na ɗora masa narkakkiyar wayar a tafi,
ya juya ta, ya juya, bai ƙara magana ba.

Inna Ladidi ce ta leƙo daga labule:
"Yaro, ka yanke mini ƙwan Ɗanjummai?"
Na ce, Inna, gobe zan ja miki nata daban,
da makunninta, ba ruwanta da kowa.
Ta ce, "To yau fa?"
Na bar mata fitilata.