Kwali Ba Ya Nuna Hoto

Na sai da albasa buhu tara a Aliero,
na tayar da babur sai Jega.

A shagon Ɗantani akwatuna sun yi sahu,
kowane kwali na rantsuwa da lambarsa:
wannan HD, wancan ya ce shi ne cikakken,
na ƙurya 4K, kuɗinsa kuɗin maraƙi.

Na ce, "Fassara mini da Hausa."
Ya ce, "Ɗauka gilashin nan fadamarka ce.
Ɗari bakwai da ashirin, layin shuka ke nan.
Dubu da tamanin, an matse su,
ba ka hango ƙasa tsakanin ganye.
Na ƙuryan ya ninka haka."

"To, ba ni babban."
"Da wane ruwa za ka shayar da shi?
Faifan da ke kan rufinka
guga ɗaya yake jawowa."

Na ja baya taku huɗu, tsawon ɗakina,
na ƙura wa ciyawar filin ƙwallo ido.
Na biyu da na uku, ɗan juma da ɗan jummai.
Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Na ɗaure na tsakiya a bayan babur.
Canjin ya tafi batir,
don wutar garinmu baƙuwa ce.

Kwalin kuwa, kazar Kulu ke kwanci a ciki.