Daren Gini a Tawa

Bayan isha na kulle biro, ni a ciki.
Tawa ta yi tsit, sai babur ɗaya can wajen tasha.
Injin da aka ba ƙungiyarmu,
mai nauyin buhun gero, mai fanka uku,
na dafa shi na ce: yau gini za mu yi.

Wannan manhaja ba ta da ɗan kasuwa.
Ɗanyarta ake ɗebowa, kamar laka a bakin tafki,
kowa ya kwaɓa, ya buga tubalinsa.
Na ba da umarni. Rubutu ya shiga gudu,
fari bisa baƙi, tururuwa ta ji hadari.

Minti arba'in ya cije.
Wai wani ƙunshi bai iso ba.
Na nemo, na sake daga tushe.
Sha ɗaya aka ɗauke wuta, batir ya yi ta tsuwa,
na hura gawayi, na ɗora shayi, ina lallashinsa.

Gab da asuba ya buɗe:
gidaje, gidaje, gurbin dara marar iyaka.
Na zuba masa albasar shekara bakwai,
layi dubu goma sha biyu,
buhu, kuɗin mota, la'adar dillali.
Ya tara kafin in ajiye kofi.
Da ya jera sunaye, sai ya kai Ɗanjimma bayan Zabairu.
Bai san ɗ a gindin d take zama ba.

Jimla kuma ta saɓa wa littafin Habsu da jaka uku.
Habsu, ma'ajiyarmu,
jan bik take aiki da shi, da gaɓoɓin yatsu.
Na zargi injin. A zuci na zarge ta.
Da hantsi ta zo, ta gyara tabarau,
ta bi gilashin da farce har ta tsaya:
"Nan ɗigo ka sa. Mu waƙafi muka sani tun lakwal."
Gida ɗaya tak.
Ya ɗauki lambar magana ce, ya tsallake.

Na rubuta wa shugaba:
yana da sauri, ba ya cin ko dala,
in an buga a takarda yakan yanke gefe.
Haruffanmu masu lanƙwasa ni zan koya masa,
tun da an bar ƙofa a buɗe,
in na iya.

Habsu ta ce kada a jingine littafinta tukuna.
Yana nan a kan injin, fanka na kaɗa shafinsa.