Gyare a Kunnen Hagu

Shekara goma sha tara ina kan injin niƙa
a Rijiyar Lemo, bayan gidan mai.
Masara, dawa, gero, waken ƙosai,
rabin unguwa da garina suka tuƙa tuwo.
Ran da na sayar da injin na ɗauka mun rabu,
ashe ya bar mini ɗansa riƙo.

Gyare ne, a kunnen hagu.
Ba ya neman abinci, ba ya tafiya ganin gida.
Da rana yana jin kunyar mutane,
hon ɗin 'yan adaidaita ya ishe shi tsawa.
Amma bari a ɗauke wuta,
bari maƙwabci ya kashe janareto,
sai ya gyara zama ya ce tsiiiii,
har kiran assalatu.

Uwani ta ɗiga mini man tafarnuwa.
Wanzami ya kafa ƙaho a bayan kunne.
Malam ya yi rubutu na sha, Allah ya biya shi.
A asibitin Murtala wata likita ta leƙa da 'yar fitila,
ta ce, "Baba, kunnenka fes yake, a jijiya ƙarar take."
Na ce to a zaro ta mana.
Murmushi ta yi, ta kira na bayana.

Sallau mai faci ne ya ja ni bayan shago,
ya danƙa mini ƙullin takardar siminti.
"Zuƙa biyu kafin ka kwanta, magani ne, ba shaye-shaye ba."
Ni fa, da na taɓa marin ɗan ƙanena
don na ji warin wiwi a hularsa.
Kwana shida ƙullin na aljihun tsohuwar riga,
ina wuce ta kamar mai bin na bashi.

Daren bakwai na hau soro bayan isha'i,
na juya wa masallaci baya.
Tari ya fara karɓa ta.
Can sai Goron Dutse ya matso kusa,
taurari suka yi laushi,
gyaren bai tafi ba, ƙarya haramun,
ya dai koma kamar rediyon wani gida,
yana yi, ba da ni yake ba.
Na yi dariya ni kaɗai.
Na sauko na cinye ɗumamen yara da sanyinsa.
Na yi barcin da rabona da shi tun ina saurayi,
rana ce ta tashe ni,
asuba ta zo ta wuce ba mu gaisa ba.

Dare na biyu haka, na uku haka.
Na huɗu ƙirjina ya kama lugude,
gyaren ya dawo da danginsa,
har kunnen dama suka kama haya.
Kowace fitilar babur a lungu
sai in ce ga 'yan Hisba nan.

Uwani ba ta ce uffan ba.
Ta wanke rigar sau biyu,
ta shanya ta a igiya daban,
nesa da kayan yara.
Da ma zagi na ta yi.

Yanzu tsohuwar fanka nake kunnawa in akwai wuta,
in babu, rediyo tsakanin tasha da tasha,
shuuu ɗinta da tsiii ɗinsa su yi ta musu,
ni in saci barci a tsakani.
Sauran ƙullin ban ce na zubar ba.
Yana inda yake, na san inda yake.

Jiya na bi ta wajen injin.
Yaron da ya saya, Tanimu, fari fat da gari har gira.
Na miƙa masa auduga, na ce toshe kunnenka.
Ya karkato kai yana dariya,
ya ɗaga murya ya ce,
"Me ka ce, Baba?"