Hannun Zoila a Cikin Gwangwani

Ƙarfe huɗu na asuba, Manta na minshari,
mahaifiyata Zoila ta cusa gashinta a raga,
ta zura farin takalmin roba har gwiwa,
ta bi motar kamfani zuwa bakin teku.
Shekara ashirin da shida a layi ɗaya:
'yar wuƙa, tiren ƙarfe,
dafaffen tuna yana huci a gabanta.
Ta saɓule fata, ta zare ƙaya,
ta kankare baƙin naman da ke manne da ƙashi,
ta tura farar tsoka gaba,
inda inji ke jira, baki buɗe.

Da yamma ƙarni kan riga ta shigowa gida.
Lemun tsami uku take matsewa a tafi,
ƙarnin ya ce shi ɗan gida ne, ba inda za shi.
Kyanwar maƙwabta na binta kamar mai bin bashi.

Amma na gwangwani ba ya shiga bakinta.
"Na san shi tun yana da ido," in ji ta,
"me zai faɗa mini bayan an rufe shi?"
Sai ta je Tarqui wajen Fulton mai kwalekwale,
ta sayo ɗanye, ta dafa da rogo,
ta zuba jar albasa da ta kwana a tsami.
Katan ɗin da kamfani ke ba su ƙarshen shekara
ƙarƙashin gado take tura shi da ƙafa.

Wata Asabar da magariba ƙasa ta girgiza.
Kasuwa ta durƙusa, famfo ya ƙafe,
Fulton bai sake amsa sunansa ba.
Muka kwana a titi, mu da agogon bango.

Kwana na biyu ta kutsa ta tagar da ta rage,
ta jawo katan huɗu, ƙura har gira.
Ta hura wuta da ƙyauren da ya karye.
"Kar wanda ya zubar da man,
da shi za mu soya albasa."
Ta daka ɗanyar agada da gyaɗa,
gwangwani ɗaya ta miƙar da shi ya kai baki biyar.
Na tsoho Eleuterio ta ɗauraye da ruwan kwalba,
saboda hawan jini ba ya shiri da gishiri.
Narcisa mai ciki ta ba ta rabi:
"Babban kifi kan tara abin da jariri ba ya so,
ci kaɗan, gobe in samo miki sadin."
Yara kuwa ta cika musu hannu,
"Ku ci, wannan ne ke gina tsoka,
da shi za ku ɗaga bulo in an fara gini."

Ita ce ta ƙarshe.
Ta daɗe tana duban cokalin,
ta kai baki, ta tauna a hankali,
duk titi ya yi tsit.
Sai ta sa yatsa biyu ta zaro wani siririn abu,
ta ɗaga shi ga hasken wuta:
"Ƙaya! Wannan ba aikina ba ne,
aikin Maritza ne, mai surutu a layi."
Ranar muka fara dariya tun da ƙasa ta motsa.

Yau ina Murcia, ina jera lemun tsami a kwali,
hannuna na ƙamshin abin da nata ke nema.
In albashi ya yi nisa, nakan sayi gwangwani,
in juya shi in karanta inda aka yi shi.
In ja zoben, in tsiyaye man a kasko,
in baje tsokar da cokali, sala-sala,
ina lalube.

Ba ƙaya ko ɗaya.
Na san hannun.