Ranar Da Famfo Ya Dawo A Nima

Kwana huɗu famfon gidanmu yana tari,
ba ya kawo komai sai iska.
Yau bayan azahar ya yi gyaran murya,
ya tofar da tsatsa, sannan ya saki baki.

Nima ta ɗau zafi har kwanon rufi na ƙara.
Wuta ta ɗauke, keken ɗinkina ya yi shiru,
na fito bakin ƙofa da mafici a hannu.
Teku na can, tirotiro biyu ne tsakaninmu,
amma ko iskarsa ba ta hawo mana tudu.

Barikisu ta jera jarkoki goma sha ɗaya,
ta ce kowa ya kama kansa, ruwa kuɗi ne.
Sai tiyon ya tsage a tsakiya,
wani siririn ruwa ya miƙe sama tsaye,
Fuseini ya kai goshi ya tare.
Shi ke nan. Wa zai hana?

Alasan ya tsinto ledojin fiya wata
da muka sha muka yar tun safe,
ya ɗura, ya ƙulle, ya huda da tsinken tsintsiya:
ga bindiga, ba a biya ko pesuwa ba.

Sahadatu ba ta son faɗa.
Ta jawo bahon wankin uwarta,
ta sa gwangwanin kifi biyu su yi tsere,
ɗaya za shi Tema, ɗaya Takoradi,
murafen kwalba ne fasinjoji.
Ta yi ta hura musu iska har kumatu suka gaji.
Na Takoradi ya nutse da mutum uku,
ba wanda ya yi kuka.

Na ba da sidi ɗaya a sayo ƙanƙara
wurin Anti Dede, wadda firjinta ke zubar da hawaye.
Suka yi da'ira, daga hannu zuwa hannu,
wanda ta ƙare a tafinsa shi ne jaki.
Fuseini ya ga ta kusa ƙarewa,
ya jefa ta baki, ya ce bai ga komai ba,
haƙoransa na kaɗawa.

Lantana, autarsu, ta ja ƙyallen atamfa
daga ƙarƙashin kekena,
ta jiƙa, ta zana kifi a bangon siminti.
Kafin ta kai wutsiya, kan ya bushe.
Ta sake. Ya sake bushewa.
Ta ce rana ce ke cinye mata kifi,
bari ta zana mata babba ta ƙoshi.

Sai ga Baba Inusa, mai gida,
wanda ke karanta mitar ruwa da tabarau biyu,
ya fito da buta, jallabiya fara ƙal.
Alasan ya auna Fuseini.
Fuseini ya duƙa.

Tsit.
Har maficina ya tsaya.
Ruwa na bin gemu, ɗis, ɗis, yana sauka a ƙirji.

Ya cire hula, ya miƙo mini.
Ya cika butar har baki.
Ya ce, wane ne gwanin harbin?
Ban taɓa ganin shekara saba'in na gudu ba sai yau,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a bakin kwata,
yana tsiyaya wa 'ya'yan mutane ruwa a ƙeya,
yana dariyar da rabonmu da ji
tun kafin Hajiyarsa ta kwanta dama.

Famfo ya sake tari ana kiran la'asar.
Barikisu ta ƙirga: tara cike, biyu wayam.
Ta dube ni, ta dubi Baba, ta ja tsaki,
ta tura ragowar ruwan baho da ƙafa
zuwa gindin barkonon da ke cikin fasasshen bokiti.

Da dare wuta ba ta dawo ba.
Yaran sun baje a tabarma a tsakar gida,
fatarsu da sanyi kamar randa.
Na haska bango da fitilar waya.
Babu kifi ko ɗaya.
Hular Baba kuwa har yanzu tana wurina.