Dangwalen Nomau

Nusaiba, 'yar ƙanena, ta bugo waya daga Amurka,
Hausarta na ɗingishi, Larabcinta ya gudu.
Wai a makaranta an ce kowa ya zano bishiyar zuriyarsa.
Ƙawarta ta kai kaka na bakwai,
har da sunan jirgin ruwan da ya sauke shi,
har da launin idonsa.
"Baffa, mu fa? Wa ke gindin tamu?"

Na ce ta ba ni mako guda.
Da na ajiye wayar na lalubi kaina,
suna ɗaya tak na tarar: Nomau.

Washegari ban hura wutar agashe ba.
Na bar Wad Madani a motar farko, sai Mai Wurno,
wurin Gwaggo Tasalla,
ita kaɗai ta rage cikin idanun da suka gan shi.
Ta kurɓi jabana, ta daɗe tana kallon kofin.

"Gajere ne," ta ce, "da tsagar Gobir a kumatu.
Da asuba tarinsa kamar ana faskare.
Da ƙafa ya taso, niyyar Makka.
Jakinsa ya kwanta a Abeshe,
matarsa ta fari a Nahud,
guzuri ya ƙare nan bakin Nilu.
Ya ce bari ya tsinci audugar kaka ɗaya ya wuce.
Kaka arba'in ya yi yana wucewa."

Na ce, malami ne? Ko da ɗan jinin sarauta?
Ta yi dariya har haƙorinta ɗaya ya leƙo.
"Fatiha da Ƙulhuwa, su ke nan jarinsa.
Sarauta kuwa, shi ke gadin ruwa da dare
a gonar da ba tasa ba.
Amma ya sayi harami, fari fat, ƙyalle biyu,
duk shekara ya fito da shi ya shanya, ya naɗe.
Da shi muka haɗa masa likkafani."

Ubansa fa?
"Bai faɗa ba. Mu kuma ba mu tambaya ba,
yunwa ce gabanmu a lokacin, ba asali ba."

A Barakat, bayan wani tsohon ofis,
akawu ya buɗe mini ɗakin da gara ke karatu.
Kwana biyu ina juya kundi,
ina atishawa cikin sunayen bayin Allah.
Ran na uku, dab da la'asar, ga shi:
wani hannu mai sauri ya karkatar da sunan,
ya liƙa masa "Takruri" a wutsiya,
ya sa ladan yini, kuɗin da ba su isa kisra biyu ba yau.
A gefe, inda masu alƙalami ke sa hannu,
dangwalen babban yatsa, shuɗi, ya koɗe,
da tabon yanka ya ratsa shi a karkace.

Na waiga, akawu ya fita alwala.
Na ɗora yatsana a kai.
Nasa ya fi nawa faɗi.

Maƙabartar kuwa ta cinye alamarta.
Gwaggo ta ce wajen ƙaya, ta hannun dama.
Ƙaya ta yi yawa, dama ta yi yawa,
sai na yi wa kowa addu'a, na kakkaɓe takalmi.

Da dare na aika wa Nusaiba hoton.
Ta ce, "Shi ke nan? Yatsa?"
Na ce shi ke nan, ki liƙa shi a ƙasa,
ki bar abin da ke ƙarƙashinsa fari.
Ta ce akwai gurbin sana'a.
Na ce rubuta: yana kan hanya.
Ta ce malamar ba za ta karɓa ba sai da ranar haihuwa.
Na ce rubuta: damina.
Ta ce ta yaya na sani?
Na ce ai ba a kiran yaro Nomau
sai ya faɗo uwarsa na jin ƙarar fartanya.