Kwalin da Ya Iso Kozhikode

Shekara shida Sulekha tana rubuta wa kamfanin,
takarda ɗaya, magana ɗaya:
ku sayar mini da kwamfuta,
ban da kwaɗon da makullinsa ke aljihunku.
Amsa takan zo a sanyaye:
"Mun gode da shawararki."
Godiyar da ba ta ɗaga ko tsinke.

Ashe ba ita kaɗai ba ce.
Akwai Thankachan mai gyara a bayan tasha,
ya gaji da goge abin da aka riga aka biya kuɗinsa.
Akwai ɗalibai masu miƙa wa juna faifai.
Akwai wani akanta, shi lissafi kawai ya yi.
Su nawa? Kamfanin ne ya ƙirga,
kunnen ɗan kasuwa a bakin lalitarsa yake.

Ranar da kwalin ya iso ana ruwa,
irin mai sunkuyar da bishiyar kwakwa.
Ta farke shi da wuƙar gyaran kifi.
Ta danna. Allo ya waye.
Ba wanda ya tambaye ta lambar lasisi.
Haruffan Malayalam suka jeru, zagaye-zagaye,
ɗaya ya karkace kamar haƙorin yaro.

Ta yi dariya, ta ture shayinta gefe.
Ta shiga cikin manhajar, tunda ƙofa a buɗe take,
ta lalubo layin, ta miƙar da harafin,
ta aika wa mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Firinta kuwa har yau ta ƙi magana.
Thankachan ya ce zai leƙo ranar Laraba.